Gujiyar Kawuna a Rediyo

Lokacin da aka samu 'yancin kai ina malamin gona a Tambuwal, ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya. Ni mutumin Kebbe ne, can aka haife ni, can na yi wayo. Amma aikin gona na boko a ƙasar Zazzau na koyo shi, inda na zauna da Kanawa da Zazzagawa da mutanen Bauchi. A can na fara gane cewa Hausar da na sha a nono ba ita ce ta kowa ba. Ranar farko a wurin cin abinci na ce wa mai rabo ya ƙara mini miyar guro. Ya tsaya yana kallona da ludayi a hannu, sai da wani ya ce masa, "Kuɓewa yake nufi." Na nemi tonka, aka sha dariya kafin a miƙo mini barkono. Ban ji haushi ba, domin ni ma suna ba ni dariya, musamman in Bazazzagi ya dubi mace ya ce "mace ne". Kafin in gama makarantar bakina ya zama biyu: da ɗaya nake magana a ofis, da ɗayan nake magana a gida.

Wata kaka, ana tsakiyar cirar gyaɗa, wani ma'aikacin gidan rediyo ya zo daga Kaduna. Bakano ne, dogo, mai fara'a, yana rataye da akwatin ɗaukar magana mai nauyin gaske. Suna da shirin manoma da ake sawa kowane mako, shi kuma yana zagaya lardi-lardi yana neman manoman da suka gwada sabon irin gyaɗa da takin zamani, su faɗi abin da suka gani da bakinsu. Aka haɗa shi da ni.

Ban yi dogon tunani ba. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne mutum na farko a Kebbe da ya yarda ya karɓi irin daga hannuna, bayan ya gama yi mini gardama. Ga shi kuma Allah ya ba shi baki. In yana ba da labari a ƙofar gida, wanda ya fito ɗaure akuya ma sai ya manta da igiyar a hannunsa.

Muka shiga motar ofis da hantsi. Hanyar Kebbe a lokacin sunanta dai hanya. Yashi ya riƙe mu, muka sauka muka tura, baƙon nan yana rungume da akwatinsa kamar jariri. Muka iske Kawu a gona, ƙarƙashin wata tsamiya, an tara gyaɗa tsibi-tsibi ana shanya. Ya taso ya tarye mu.

"Maraba da baƙi. Kun zaka lahiya? Ƙaƙa hanya?"

"Lafiya lau, Baba," in ji Bakanon, ya ɗan dube ni. Na raɗa masa cewa yaya hanya ake tambayarsa.

Aka shimfiɗa tabarma, aka sha ruwa. Ya kunna akwatinsa, ya kai abin maganar kusa da bakin Kawu.

"Baba, bana me ka shuka?"

"Hatsi da dawa, sai gujiya nan bisa tudu."

"Hatsi wane iri?"

Kawu ya dube shi da mamaki. "Hatsi dai. Hatsi iri nawa na?"

Na ce, "Gero yake nufi, Malam. Mu nan in an ce hatsi, gero ke nan."

Ya gyaɗa kai, amma sai na ga ya kashe akwatin. Ya jawo ni gefe, ya rage murya don kada dattijon ya ji.

"Malam, ai manomin gyaɗa na ce maka ina so. Wannan bawan Allah gurjiya ya ce ya shuka."

Na sunkuya na ɗebo daga tsibin da ke gabanmu, na miƙa masa. "Wannan mene ne?"

"Gyaɗa mana."

Na juya wajen Kawu. "Kawu, wagga hwa?"

"Gujiya ta."

Bakanon ya ce, "To ita wadda ake dafawa, mai tauri, mai ƙwaya ƙulu-ƙulu, me kuke ce mata?"

"Kwaruru kaka nuhi?" in ji Kawu.

Bakanon ya yi ta dariya har yana dafa tsamiya, Kawu ma ya taya shi, masu shanya suka bar aiki suka matso. Da dariya ta lafa, sai baƙon ya ce a sake ɗauka, amma yana roƙon Baba ya daure ya yi irin Hausar da ake ji a rediyo. Ya koya masa: ya ce gyaɗa, ya ce gero, ya ce "muka" maimakon "munka".

Kawu mutum ne mai girmama baƙo, bai musa ba. Ya gyara zama, ya gyara murya, ya fara: "Ni... na shuka... gyaɗa... ne." Ya tsaya. Ya sake farawa, ya kai tsakiya, "munka" ta kuɓuce masa, ya koma baya ya gyara. Mutumin da ke riƙe ƙofar gida da labari tun daga la'asar har magariba, ga shi yana ɗingishi a cikin magana kamar wanda aka sa wa takalmin aro. Daga ƙarshe ya ture abin maganar a hankali, ya dube ni.

"Ɗana, wanga aiki ya hi noma wuya."

Na ce wa Bakanon ya bar shi ya yi irin tasa.

"Wallahi ba raini ba ne, Malam," in ji shi. "Shirin nan har Barno da Adamawa ana jin sa. In ya ce gujiya, manomin Kano zai kwashi taki ya kai gonar gurjiya. Kuma in na kai abin da ba a gane ba, ba lalle a sa shi ba."

Gaskiya ya faɗa, na kuma gaya masa haka. Amma na ce, "Manomin Kebbe fa, da na Jabo, da na Dogon Daji? Tun da rediyo ya shigo ƙasar nan ba su taɓa jin mai magana irin tasu a ciki ba. Shi ya sa in na kai musu zancen taki sukan ce mini wannan abin mutanen gabas ne, ƙasarsu daban, tamu daban. Ka bar shi ya yi maganarsa. Ni zan zauna kusa da shi kamar mai taya hira. Duk inda ya faɗi abin da Bakano zai ɓata, sai in maimaita da irin taku, ba tare da na katse shi ba."

Ya shafa haɓa. Can ya ce, "Mu gwada. In ba a sa ba, ka shaida na yi ƙoƙari."

Da aka kunna akwatin, sai Kawu ya dawo Kawun da na sani.

"Iri na wanda ɗana yak kawo mani. Da hwarko ban yarda ba. Nic ce mai, mu da munka gaji noman ga tun kakanni, mi farin gari cikin buhu za shi ƙara muna? Sai nir raba gonar gujiyar biyu."

"Gonar gyaɗar ke nan," na ce.

"Awo. Rabi nis sa mata taki, rabi nib bar ta yadda munka saba. Da ruwa yaz zauna, wadda nis sa ma taki ganyenta har shina ƙyalli. Da anka zo cira, ka kama tushe guda ka ɗaga, sai ka ga ɗiya rututu, har hannu shi gaji."

"'Ya'ya sun yi yawa ke nan."

"Ƙwarai. Dut wanda ka shakka, shi taho Kebbe shi gani da idonai. Ba a ɓoye gonar take ba."

Ya yi ta zuba, har da labarin maƙwabcinsa da ya yi masa dariya da damina, da kaka kuma ya zo yana zagaya gonar yana cewa wai akuyarsa yake nema. Bakanon ya toshe bakinsa da hula don kada dariyarsa ta shiga akwatin. Da za mu rabu ya gaya mana ranar da ake sa shirin, bayan azahar, ya ce mu riƙa saurare, bai dai yi alkawari ba.

Ranar kuwa ta dace da ranar kasuwar Tambuwal. Akwai wani tela a bakin kasuwa mai rediyon batir, wanda yakan ɗora shi a kan benci a ƙofar shagonsa. Nan muka mai da wurin zama. Kawu ya ce shi abin bai dame shi ba, a sa ko kada a sa duk ɗaya ne. Amma daga makon nan bai sake fashin kasuwar Tambuwal ba, shi da a da sai ya yi wata bai leƙo ba. Yau ya ce ruwan fartanya ya zo saye, wani makon igiya, wani makon kuma wai gishirin Kebbe ba shi da kyau. Da azahar ta yi sai ka gan shi a ƙofar tela yana duba yadi.

Aka sa wani manomi daga ƙasar Katsina. Aka sa wani daga Haɗeja. Mutane suka fara tsokanata, suna cewa akwatin Kaduna ya ƙi haɗiye Hausarmu, ta tsaya masa a wuya. Ni kaina na fara cire rai.

Sai ran nan, bayan kiɗan buɗe shiri, muka ji muryar Bakanon yana cewa yau ya kai ziyara Kebbe, a lardin Sakkwato. Tela ya ɗauke ƙafa daga keken ɗinki, ya murɗa rediyon har ƙarshe. Sai ga muryar Kawu, garau, ta cika bakin kasuwa: "Iri na wanda ɗana yak kawo mani."

Ban taɓa ganin kasuwa ta yi tsit haka ba. Mahauci ya taho da wuƙarsa a hannu. Masu awon hatsi suka bar buhunansu a buɗe. Wata tsohuwa mai fura ta kutso cikin maza tana cewa, "Wanga ai namu na! Wallahi namu na!" Da aka zo labarin maƙwabci da akuyarsa, kasuwa ta ɗauki dariya gaba ɗaya, har tela ya riƙa ɗaga hannu yana roƙon a yi shiru a ji sauran. Ba a yanke ko kalma ɗaya ba. A ƙarshe Bakanon ya ce wa masu saurare, in sun je ƙasar Sakkwato suna son gyaɗa, to su nemi gujiya.

Kawu yana tsaye, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, idonsa a kan rediyon. Da aka gama ya juyo gare ni, a hankali ya ce, "Ashe hakanga nika magana?"

Na ce, "Hakanga, Kawu. Kuma har Barno an ji ka."

Kafin la'asar mutanen da suka tare ni suna tambayar yadda za su samu iri da taki sun fi waɗanda na bi gida-gida ina lallashi a damina biyu. Wasu ma ba ni suka nufa ba, Kawu suka kewaye, shi kuma ya zauna a bencin tela yana yi musu bayani kamar shi ne malamin gonar.

Da yamma na raka shi tasha. Motar Kebbe ta cika maƙil, mutane a kan buhuna, ya kama ƙarfe zai hau baya inda ya saba zama. Direba ya sauko da kansa ya riƙe masa hannu.

"Haba Baba, mutumin rediyo a bisa kaya? Taho gaba."

Kawu ya tattara rigarsa ya shiga gaba, ya jingina gwiwar hannunsa a taga. Har motar ta sha kwana yana ɗaga wa mutanen kasuwa hannu.