Ranar da Labbo Ya Kwance Tenshina

Shekara ashirin da bakwai Labbo ya yi yana gyaran mashin ƙarƙashin dogon yaron bakin tashar Sabon Birni, kuma duk tsawon shekarun nan ba a taɓa ganin ya buɗe inji don neman ciwo ba. Sauran makanikai su kwance wannan, su kwance wancan, su cika ƙasa da notuna. Shi ko sai ya ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. In ya ce "zauna", sai ka nemi benci. In ya ce "tahi", to ko Maraɗi za ka, tafi abinka.

Abin da mutanen tasha ba su sani ba, kunnen ya tafi. Tun ranar da 'yan bindiga suka tare motarsu wajen Gatawa, aka harba bindiga dab da kansa, na hagu ya mutu, na dama kuma sai shuuu kamar ruwa na sauka a kwano. Wata takwas yana duban bakin mutane yana gyaɗa kai. Yana taɓa inji da tafin hannu, yana haɗawa da ƙiyasi, Allah kuma yana rufa asiri.

Ranar kasuwar Bafarawa, da hantsi, sai ga Malami ɗan ƙanwarsa ya iso a kan mashin, inji na aiki, buhun wake ɗaure a baya. 'Yan kasuwa sun riga sun yi layi bakin hanya, mashin ya kai ashirin. Hanyar nan yanzu ba a bin ta sai a ayari, kuma kowa ya san ƙa'ida: wanda mashin ɗinsa ya mutu cikin daji, ba mai tsayawa. Ba mugunta ba ce, kowa da iyalinsa.

"Kawu, saurara min," in ji Malami. "Tun jiya nike jin wata 'yar ƙara, kamar taimin cen. Ka ce tahi in bi su."

Labbo ya ɗora sukundireba, ya manna kunne. Shuuu. Ya matsa kusa da kan inji, ya danne har ƙotar ta yi masa zafi. Wallahi ko alama. Amma ya san abin da ƙarar nan ke nufi in gaskiya ce. Taimin cen, wato sarƙar cikin inji, tenshina ce ke danne ta. In tenshinar ta saki, sarƙa ta yi tsalle a guje, inji ya tsaya cak. A ina? Wataƙila tsakiyar dajin da ko manoma sun bar shiga.

Shafi'u ɗan kabu-kabu da wasu mutum huɗu suna kan benci, kowa na jiran kalma ɗaya. Can bakin hanya an fara tayar da mashina, Labbo yana ganin hayaƙi. Kalmar ta zo har bakinsa. Wa zai sani? Galibi ƙarar banza ce, noti ne ya saki.

Ya ajiye sukundireba, ya kashe inji, ya jawo sufana mai lamba takwas.

"Kawu, mi za ka yi? Ayari za ya tashi!"

"Za ni kwance tenshina in gani."

"Ka gani? Kai da ba ka buɗe inji? To mi kaj ji?"

Wannan karon Labbo bai kalli bakin yaron ba, ƙasa ya duba. "Ban ji komi ba, Malami. Ba ni ji. Kunnena ya mutu tun bara."

Injin da zafi, ya ƙona masa yatsu, bai ko nemi tsumma ba. Noti biyu suka fita, ya zaro tenshinar, ya danna tsinin da babban yatsa. Mai lafiya ba ta komawa ko ka sa ƙarfinka duka. Wannan sai ta shige lus, haƙoranta sun cinye sarai.

"Innalillahi," in ji Malami.

Labbo ya ɗauko sabuwa cikin akwati, ya murɗa tsinin baya, ya zura, ya ɗaure notuna, ya sake shi. Mashina na wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ya buga kik, ya kamo hannun Malami ya miƙa masa sukundireba.

"Kai za ka saurara. Akwai ƙara?"

Malami ya manna kunne. Ya girgiza kai, idonsa ya cika da hawaye. Ya haye, ya bi bayan mashin na ƙarshe, buhun wake na rangaji, har ya cim musu kafin kwana.

Labbo ya zauna yana hura yatsunsa. Mutum biyu suka miƙe, suka tura mashinansu sumui-sumui zuwa rumfar makanikin da ke gaba, ko sallama babu. Wannan bai dame shi ba sosai, ya san za a yi. Shafi'u ne ya tsaya, bawan Allah, don tausayi. Ya sunkuyo dab da kunnen Labbo, ya buɗe murya iyakar ƙarfinsa, har masu shayi suka waigo:

"SANNU, BABA LABBO! ALLAH SHI BA KA LAHIYA!"

Labbo ya ce amin, ya juya fuska wajen bishiya.