Kwandon Bahaguwa

Noelene Haggitt bahaguwa ce, kuma da wannan zan fara, domin in ban faɗa ba sauran labarin ba zai zauna ba. Tun muna 'yan aji ɗaya na san ta, a garinmu da ke can kudancin Niyu Zilan, inda tumaki suka fi mutane yawa, iskar kudu kuma ba ta ganin girman kowa. Ni ce Raewyn, mai zama a gefenta. Malamarmu ta lokacin, Mis Galbraith, ta ɗauki hannun hagu a matsayin rashin tarbiyya. Da ta hango fensir a hagun Noelene, sai dai ka ji saukar rula a kan yatsu. Noelene ba ta kuka. Sai ta mayar da fensirin dama, ta ci gaba da jan wani abu kamar tafiyar tsutsa. Har yau da dama take rubutu, kuma ban da ni babu mai iya karanta shi.

Da ta girma ta yi aiki a kamfanin nama, inda teburin yanka da injin da komai an tsara su ne don na-dama. Daga baya ta samu aikin raba wasiƙu a gonakin da ke kewaye da gari, ta tsufa a cikinsa. Takan ce a duk abin da ɗan Adam ya ƙera, giyar mota ce kaɗai aka ajiye mata a inda take so, tunda a motocin ƙasarmu tana hagun direba. Ba mai ƙorafi ba ce. In abu ya ƙi ta, sai ta ɗaga kafaɗa ta ce, "To," ta nemi wata hanya. Ni kuwa ba haka nake ba, in abu ya ƙi ni sai unguwa ta ji.

Bayan mun ajiye aiki ne wasan faifai ya shigo garinmu. Hukumar gari ta yarda a kafa kwanduna tara a lambun bakin kogi, kowanne a kan sandar ƙarfe da sarƙoƙi suna reto a samansa. Ka tsaya a kan daɓen siminti ka wurga faifan roba, inda ya faɗi nan za ka sake ɗauka, har ka ji ƙarar sarƙa ya zauna a kwando. Wanda ya fi ƙarancin jifa shi ya ci. Ranar zaɓen wuraren, maza ne suka yi ta zagaye da turaku, Alister Kerse a gaba, tsohon manomin tumaki mai murya kamar yana kiran karensa daga wancan tudu. Sun kafa takwas lokacin da Noelene ta iso da filas ɗin shayi da naɗin burodi da cuku. Ciki ya cika, rai ya yi fari, sai Alister ya miƙa mata turken da ya rage.

"Ungo, ke ma ki zaɓi ɗaya, kada a ce mun yi son kai."

Ta ɗauka ta yi gaba ita kaɗai. Akwai wata tsohuwar bishiya mai faɗin gindi a tsakiyar lambun, rassanta har ƙasa. Noelene ta zagaya bayanta ta hannun dama, ta soka turken a can, inda ba a ko hango shi daga daɓe. A hagu kuwa kwari ne cike da ƙaya. Turken nan nata ne ya zama kwando na bakwai. Ita ce kuma ta raɗa wa bishiyar suna Mis Galbraith. Kowa ya ɗauka yana faɗa, amma ni kaɗai na san mai sunan.

Gaskiya ɗaya ce, Noelene ba gwanar wasa ba ce a idon kowa. Duk Lahadi ita ce ta ƙarshe. Babu bishiyar da ba ta gaisa da faifanta ba a lambun nan. Amma da an iso na bakwai, sai faifan nata ya tashi ya bi ta gefen Mis Galbraith, ya karkata dama a hankali, ya sauka kusa da kwando kamar an aike shi. Sauranmu kuwa, ko dai ka ji kwas a jikin bishiya, ko ka shiga ƙaya neman abinka. Muka sa wa abin suna sa'a. Ita ba ta taɓa musu ba, sai ta yi ɗan murmushi ta saɓa jakarta.

Alister ne abin ya fi ci wa rai. Ya yi asarar faifai a kwarin nan har ya daina faɗa wa matarsa. Da baƙi suka fara zuwa wasa daga wasu garuruwa, wasunsu na fita da ƙaya a wando, sai ya samu abin kamawa. A taron ƙungiya ya miƙe ya ce na bakwai na ɓata mana suna, a tuge shi a dawo da shi fili. Aka yi ta ja-in-ja, har wani ya ce ai akwai wata Hinewai daga Tsibirin Arewa, mai yawo a motarta tana wasa a kowane fili na ƙasar nan, tana rubuta ra'ayinta 'yan wasa na karantawa a waya, kuma ta kusa biyowa ta wajenmu. Aka tsaya a kan abin da ta ce shi za a yi. Noelene ta ce, "To."

A mota muna komawa gida ban ƙyale ta ba.

"Ke yanzu 'to' ɗin nan ba za ki bar ta ba har kabari? Ki buɗe baki mana."

Sai da ta tsaya a ƙofar gidana ta ce, "Raewyn, in suka cire shi, na bar wasan. Ba fushi ba ne. Babu abin da zan je yi ne."

Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ban taɓa jin ta faɗi tana son wani abu a fili haka ba.

Hinewai ta iso wata safiyar Lahadi, raɓa ba ta bushe ba, agwagi na kiwo a kan ciyawa. Mace ce matashiya, mai fara'a, da hular ulu har kunne. Mu huɗu muka zagaya: ita da Alister da Noelene da ni. Ba ta da gaggawa. A kowane daɓe sai ta tsaya ta duba gaba, ta taka simintin ta ji ko yana santsi. Ta yaba yankan ciyawa. Ta ce allunan nuna hanya sun koɗe, baƙo zai ɓata tsakanin na biyu da na uku. A na huɗu muka jira wata mata da keken jariri ta wuce, kamar yadda muka saba, sai Hinewai ta ce kwandon ya yi kusa da lilon yara, a kula. Alister na ta gyaɗa kai, yana cewa daidai ne, daidai ne, shi dai na bakwai yake jira.

Da muka iso, Hinewai ta leƙa ta wannan gefe, ta leƙa ta wancan. Ta gwada jifan gefe, wanda na-dama ke yi in suna son faifai ya karkata dama, irin wanda gwiwar hannun tsofaffi ba ta ɗauka. Iskar kudu ta ɗaga shi ta kai wa Mis Galbraith. Kwas.

"Kin gani ko, 'yata?" in ji Alister, bakinsa har kunne. "Ba ke kaɗai ba ce. Ni da bishiyar nan har mun zama dangi."

Da ya wurga, faifansa ya tafi ƙaya, nawa ma ya bi shi. Noelene ta hau daɓe ba ta kalli kowa ba, ta wurga, faifan ya zagaya ya kwanta a gindin kwando. Na ga Hinewai ta bi shi da ido har ya sauka, sannan ta dubi hannun da ya jefa.

A na takwas komai ya koma yadda aka saba. Kwandon na ɓoye a hagu, faifanmu ya bi hanya ya lanƙwasa can da kansa, na Noelene kuwa ya karkata dama ya rungumi wata bishiya.

"Yawwa, an dawo gida," in ji Alister. "Noelene, ki bar wa bishiyoyin nan ɓawonsu mana."

Hinewai ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Anti, tun na farko nake kallo. Kwandunan nan duk a hagu suke lanƙwasa, ke kuma faifanki dama yake zuwa. Yaya kike yi da su?"

"Ina dukan bishiya," in ji Noelene.

"Kullum?"

"Kullum. Ai an saba."

Alister ya juya ya kalli hanyar na takwas, ya mayar da faifansa hannun hagu, ya ɗan lilo shi yana auna ta inda zai bi. Babu hanyar, sai itatuwa. Ba da mugunta suka yi ba, na san wannan. Ranar da suka kafa turakun, kowa ya wurga faifansa ne, inda ya faɗi da daɗi nan suka ce wuri ya yi kyau. Har muka gama na tara bai ƙara tsokanar kowa ba.

Muna shan shayi a kan benci ya daure ya tambaye ta, a cire ko a bari.

"Kawu, lambunku ne, ba nawa ba," in ji Hinewai. "Abin da na gani zan rubuta: wuri mai kyau, alluna na son fenti, takwas na na-dama, ɗaya na bahago. Na bakwai ya ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Amma ni sau ɗaya na ji haushin a zagayen nan, Anti kuwa sau takwas."

Ta cinye naɗin burodinta, ta karɓi wasu a takarda, ta yi mana sallama. Maganar ta zauna a haka, babu wanda ya san inda aka kwana.

Asabar ɗin da ta biyo akwai aikin gayya a lambun. Muna fentin alluna sai ga Alister da baro, da shebur da diga da buhun siminti a ciki, ya miƙe sai na bakwai. Noelene ta ajiye burushi ta bi shi, ni ma na bi, ina ta shirya maganganun da zan faɗa masa waɗanda ba za su rubutu ba. Muka same shi ya fara haƙa a gindin sandar. Noelene ta tsaya ta harɗe hannu, fuskarta ta yi fari fat.

"Kin tsaya kallona," ya ce, bai ɗago ba. "Sandar nan ta daɗe tana girgiɗi, wanda ya kafa ta bai iya aiki ba."

"Kai ka kafa ta," na ce.

"Na sani, Raewyn, ba da ke nake ba. Noelene, zo ki riƙe mini ita ta miƙe."

Ta riƙe. Ya kwaɓa siminti ya zuba har ya cika ramin, ya shafe saman da bayan shebur. Sannan ya karyo ɗan tsinke daga jikin Mis Galbraith ya miƙa mata.

"Sa sunanki kafin ya bushe. In na shiga ƙaya in san wanda zan zaga."

Ta durƙusa, ta karɓi tsinken da dama kamar yadda aka koya mata. Har ta kai shi kan simintin, sai ta tsaya. Ta mayar da shi hagu. A hankali ta rubuta, harshenta a gefen baki kamar lokacin da muke aji ɗaya, haruffan manya, karkatattu, wani na hawa kan wani. Idona ya cika da ƙwalla, na ce ƙurar siminti ce, babu wanda ya yarda.

Har yanzu ita ce ta ƙarshe duk Lahadi, Alister kuma bai daina ziyartar ƙaya ba. Sunan na nan a gindin kwandon, kuma ko baƙo ya zo yana karanta shi ba sai an kira ni ba.