Gayyar Ɗaukar Piyano

Da dokina na sayi piyanon matar kumandan. Kili ne, haihuwar Kelle, kuma duk wanda ya ji labarin musayar nan a Gure sai da ya ce an yi mini wayo.

A shekarun nan na alif ɗari tara da talatin da ɗoriya, ni ne tafintan kumandan, Baturen Faransa mai mulkin garin. Shekara huɗu ina tsaye a barandarsa ina jiran kira, Madam tana ciki tana kaɗa abin nan, har ya shiga raina. In sun tafi Damagaram, kuku yakan buɗe mini ƙofa in zauna in yi ta latse-latse, har na iya waƙa biyu da rabi. Da aka ɗauke mijin daga Gure, ta ce ba za ta sake jan wannan kaya ba. Zafi ya tsaga katakonsa, haƙoransa uku da ake latsawa sun daina magana. Kumandan yana son kilina, ni ina son piyano, muka tafa.

Irin mai kwanciyar nan ne, ƙafa uku, murfi kamar ƙyauren zaure, cikinsa kuwa ƙarfe ne zalla. Na sa aka fasa katangar gidana don ya samu hanyar shiga. Saura ɗauka. Tsakanin bariki da unguwarmu akwai tudun rairayi da ba amalanken da zai iya hawa, sai na yi abin da kowane ɗan gari zai yi, na kira gayya. Na yanka akuya biyu, matata ta dama fura, na aika kwari aka kawo dabino, na ɗauko makaɗi.

Ga inda wautata take. Mutanen da na gayyata su ne suka ɗauko piyanon nan daga Damagaram a aikin dole, kwana da kwanaki a kafaɗa, gardi, wato dogarin Bature, na bin su da bulala, ni kuma ina bisa doki ina juya musu tsawar Bature zuwa Hausa da Barbarci. Yayana yana cikinsu. Shi ya rene ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma tun daga tafiyar nan bai sake taka gidana ba. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Na ɗauka in aka yi kiɗa aka ci nama, zai shigo ya zauna, shi ke nan mun shirya.

Na same shi yana ban ruwa a lambunsa.

"Kai ka saye shi?" ya tambaye ni.

"Ni na saya, Yaya."

"Ka yi me da shi?"

"In kaɗa a gida."

Ya juye gugan, sannan ya ce, "Tunda kai ka kira, zan zo." Don ya zo ne sauran suka zo.

Kowa ya san mai gayya ba ya ba da umarni. Roƙo yake yi, yana sannu da aiki, yana sa kafaɗarsa tare da ta mutane. Ni kuwa na fito da farin wandon ofis da bulalar doki a hannu, alhali dokin ma ba ni da shi. Sabo ne kawai, wallahi ban ma san na ɗauko ta ba.

Da hantsi aka cire ƙafafun, aka ɗaure shi bisa azara, suka ɗaga. Hawan tudu lafiya lau, makaɗi yana yi musu kirari. A gangara ne rairayi ya zame. Na gaba ya durƙusa, piyano ya karkace, igiyoyin cikinsa suka yi wani irin gurnani. Idona ya rufe. Na daka tsawa da Faransanci, hannuna ya tashi, na zuba wa wanda ya durƙusa bulala a wuya.

Ya juyo. Yaya ne. Fata ta tsage daga kunne har wuya, jini yana bin rigarsa. Kiɗa ya tsaya cak.

"Ku sake shi," in ji shi.

Ba su sauke ba, sakinsa suka yi. Ya faɗi ta gefe da ƙarar da aka ji har kasuwa. Yaya ya fizge bulalar ya fara tsula mini ita a fuska. Da ina da hankali da na tsaya na sha, amma zuciya ta ɗebe ni, na kai masa karo a ƙirji, na cije shi a hannu. Manomi ne, ni ɗan kujera. Ya sure ni ya maka da piyano, bakina ya daki katako, haƙora biyu suka zube. Ya danne ni da gwiwa, ya kama hannuna na dama ya shimfiɗa bisa fararen haƙoran abin.

"Da wannan ka buge ni?"

Ya ja murfin ya rafka mini a yatsu. Sau uku. Na ji ƙashi yana ƙaras, na yi ihu kamar akuyar da na yanka da safe.

Sauran kuma suka zare azarori suka far wa piyano. Ba wanda ya ce musu su yi. Suna duka suna zagi, kowa yana faɗin inda aka doke shi a hanyar Damagaram. Igiya ɗaya ta tsinke ta yanki wani a kumatu, bai ko tsaya ba. Sai da wani dattijo mai dabino ya rungume Yaya ta baya yana cewa, "Ya isa, don Allah, cikinku ɗaya!" sannan ya ɗaga ni.

Ba wanda ya ci naman. Matata ta rarraba shi gida-gida, aka dawo mata da kwanoni a rufe yadda ta kai su. Ta zauna a tsakar gida ta yi kuka. Kumandan ya ga fuskata ya nemi sunayen mutane, na ce masa rairayi ne ya zame da mu. Ya san ƙarya nake, amma kayan tafiyarsa suna ɗaure, kuma dokin yana hannunsa.

Da kumburi ya saɓe, na ɗauki goro, na roƙi liman ya raka ni neman gafara. Muka tarar da Yaya a ƙofar gida bisa tabarma. Na shirya shan zagi, na shirya ko da wani dukan ne, da murna zan karɓa. Yana hango ni sai ya miƙe, ya cire takalmansa, ya durƙusa a ƙasa gaban mutane.

"Ranka ya daɗe, tafinta," in ji shi. "Akwai wani aikin ne?"

Haka ya riƙa gaishe ni har ya rasu.