Tunkiyata Mai Ƙwaryarta Daban

Har yau in na ji ƙamshin dusa da aka jiƙa da ruwan kanwa, sai in ga kaina a gidanmu na Ɗantutture, tsugune a gindin turke.

Wata shekara tunkiyar kakana ta haifi tagwaye, namiji da mace. Al'adar gidanmu ce a ba yaro dabba ya fara kiwo, sai ya ba yayana namijin, ni kuma macen. Komi ɗaya suke ci, amma kafin rani ya ƙare ɗan ragon ya yi wuya, ƙaho ya leƙo, tawa kuwa tana nan kamar ba a ba ta. Haushi ya ishe ni, na je na kai ƙara.

"Mi kike ma kuka, amarya?" in ji kakana. Haka yake tsokanata. "Namiji gaggawa gare shi. Ke dai riƙe taki."

Da ruwan farko ya sauka, suka wawuri sabuwar ciyawa. Zawo ya kama su duka biyu. Ragon ya yi 'yan kwanaki ya miƙe. Tawa ta kwanta, majina na zuba, haƙarƙari duk a waje. In an zuba dusa ta lallaɓo, sai ɗan'uwanta ya tunkuɗe ta ya cinye. Mu kuwa muna ganin komi ya koma wayam, muna cewa an ci.

Wata safiya na ji babana yana cewa gara a yanka ta kada ta zama mushe. Har ya aika a ɗauko wuƙa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na rungume wuyanta na ƙi saki.

Kakana ya jima yana kallon garken, sannan ya ce, "Ba cuta kaɗai ke cinta ba, har da yunwa. A raba masu kwano."

Ya ɗaure ta a inuwar rumbu, ya ba ni tsohuwar ƙwarya. Kullum in dama mata dusa, in murmushe harawa, shi kuma ya jiƙa ɓawon maɗaci ya ɗura mata. Ranar kasuwar Kurfi ya zo da malamin dabbobi ya yi mata allura. Sannu a hankali ta fara tuƙa.

Kada in yi maka ƙarya, ba ta taɓa kamo ɗan'uwanta ba. Cutar ta ci rabonta, ta tashi 'yar ƙarama. Da babbar Sallah ta gabato aka kai ragon kasuwar Dutsin-Ma, yayana yana ta yi mini gwalo. Da shekara ta zagayo, tawa ta haifi tagwaye.

Yanzu aikin lafiyar dabbobi nake yi. Ya kai ni manyan gonaki, har na masu kiwon alade a kudu, inda ake auna kowace dabba a kan sikeli. Can ma haka na tarar: namiji da mace ba sa girma tafiya ɗaya, wadda ta yi jinya kuma takan rage baya. Duk inda na shiga, nakan fara duba wadda ake turewa daga abinci.

Kakana ya rasu, rumbun ma ya rushe. Amma jikokin tunkiyar nan suna nan a gidan. Bana babana, wanda ya aika a ɗauko wuƙa, ya kamo 'yar tunkiya ɗaya ya miƙa wa ɗiyata, ya ce ta nemo ƙwarya.