Ranar da Gwaggo Ta Ce Mini "Ranka Ya Daɗe"

Ko zan manta duk ayyukan da na yi a rayuwata, ba na jin zan manta wata safiyar kaka a tsohon kamfanin matsar gyaɗa na garinmu, Daura. Har yau idan na tuna, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kamfanin ya mutu tun ina firamare. Abin da ya rage sai rumfunan kwano masu tsatsa da wani makeken siminti da ake baza gyaɗa a kai a da. Sai hukuma ta ce za a rushe a gina shaguna da wurin tsayawar motoci, ko tsakiyar gari ta farfaɗo, don ciniki duk ya gudu bakin hanya. Ni kuwa ban daɗe da gama karatun zanen gine-gine ba, kaina ya kumbura, ko masallaci zan je sai da fayil a hammata. Ni aka tura in duba filin in kawo rahoto.

Sau uku na je, duka da damina. Ban ga komai ba sai ciyawa da ruwa kwance da awaki. Na rubuta cewa kango ne, babu mai amfani da shi. Ranar da aka zauna da dattawa, mai unguwa ya dube ni ya ce, "Yaro, ka kuwa tambayi mutanen cikin gida?" Na ce, "Baba, ai wannan aikin ma'aikata ne, ba na tsakar gida ba." Aka yi dariya. Wallahi a lokacin daɗi na ji.

Ba a kawo katafila ba sai bayan ruwa ya ɗauke. Muna isa da ɗan kwangila na tsaya cak. Simintin nan daga farko har ƙarshe shanya ce: tattasai, barkono, zoɓo, kuɓewa yankakkiya. Ashe tun da kamfanin ya mutu matan unguwa nan suke shanya, kowace da gurbinta, ta kewaye shi da duwatsu, wata ma gadonsa ta yi daga uwarta. Gidajen unguwar a matse suke, kuma a duk wajen nan ne kawai abu zai bushe ba ƙasa.

Direban katafila ya leƙo ya ce, "Oga, kai fa ka ce ba kowa."

Can na hango Gwaggo, yayar mahaifina, a durƙushe tana baza kuɓewa. Tun rasuwar mijinta da busasshiyar kuɓewa take riƙe da kanta. Duk shekarun da na yi a makaranta tana aiko mini da ƙulli, ban taɓa tambayar inda take shanyawa ba. Ta ɗago, muka haɗa ido, ta fara murmushi. Ni kuwa ɗan kwangila yana gefena, ga rahotona a hannunsa. Sai na kawar da kai, na ɗaga murya na ce, "Ku kwashe kayanku, wannan filin hukuma ne!"

Murmushin ya tsaya. Ta miƙe a hankali, ta gyara mayafi, ta matso, ta ɗan rusuna ta ce, "Ranka ya daɗe, a ba mu zuwa azahar mu kwashe." Matar da ta goya ni! Ta ga ba na so a san ni nata ne, sai ta rufa mini asiri. Kai kawai na gyaɗa.

Suka kwashe kayan bai gama bushewa ba, rabi ya yi funfuna a buhu. Kafin la'asar an farfasa simintin. Daga nan shanya ta koma bakin kwalta a hanyar Zango, inda babura da motoci ke watsa mata ƙasa.

Sai da na yi wata biyu kafin na iya taka gidanta, ina ta shirya yadda zan ba ta haƙuri. Ba ta bar ni na fara ba. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo tuwon dawa da miyar kuɓewa, ta ce, "Ci a hankali, ɗan nan, akwai ƙasa-ƙasa a ciki. Bana a titi muka shanya." Ba da faɗa ta ce ba, haƙorana take ji wa. Na cinye tuwon nan tas ina tauna tsakuwa, hawaye na zuba a kwanon.

Shagunan sun tsaya, wurin ya cika da jama'a, kowa yana yabon aikin. Daga baya na yi ta naci har aka zuba wa matan ɗan siminti a bayan shagunan, amma bai kai kwatan na da ba, kuma Gwaggo ba ta ga kammala shi ba.

Abin da na koya shi ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yanzu ba na kiran wuri kango sai na gan shi da damina na gan shi da kaka, na yi sallama gida-gida na tambayi mata. Kuskuren rahoto ana iya gyara shi. Amma kawar da kan da na yi wa Gwaggo, wannan sai dai in ci gaba da roƙa mata rahama, ni kuma Allah Ya yafe mini.