Na San Yaran Amurka, Ban San Nawa Ba

Jiya da la'asar a flat ɗinmu na Whalley Range, Maman Sadiq ta tambaye ni me nake ta kallo a waya tun azahar.

Na gyara zama na yi mata bayani. Fantasy ne na ƙwallon Amurka, wasan waya da kake zaɓar 'yan wasa na gaske ka haɗa ƙungiyarka, irin wanda kake riƙe su shekara da shekaru. Na sallami running back ɗina, mai gudu da ƙwallo, don ya kai ashirin da takwas, gwiwa ta fara gajiya. Na ɗauko ɗan ashirin da ɗaya.

Na ce, "Sirrin shi ne ka sa wa yaro ido tun duniya ba ta san shi ba."

Ta ce, "Masha Allah, Baban Sadiq. To ɗanka da ke buga ƙwallo duk Asabar, ina yake tsayawa a fili?"

Na ce, "Gaba mana."

Sadiq ya ɗago kai. "Dad, gola nake. Shekara biyu ke nan."

Safar hannun ma ni na saya masa. Wallahi na ɗauka ta sanyi ce.

Jama'a, da wace fuska zan tsaya a bayan ragarsa ran Asabar?