Bututun Ɗakin Turaren Ya Kellu

A unguwar Lamisula in ka ce Ya Kellu mai ka'aji, ba sai ka ƙara bayani ba. Ka'aji shi ne turaren wuta da Kanuri, kuma shekara talatin da ɗoriya matar nan ta yi tana haɗa shi. Amaren da suka tare da turarenta, wasu har sun aurar da nasu 'ya'yan.

Ba ta da ma'auni, ba ta duba agogo. Ta narka sukari a kasko, ta zuba itacen sandal da hawi da suka kwana cikin turare, ta yi ta juyawa. Akwai wani ɗan lokaci da sukarin yake kama itacen bai kai ga ƙonewa ba, to nan take saukewa. In aka tambaye ta yadda take ganewa, sai ta taɓa hancinta kawai. Da hancin nan take taƙama, har ma takan wuce gona da iri. Ta sha shiga gidan biki ta yatsina fuska, ta ce a hankali, "Wannan na kasuwa ne."

Da can a tsakar gida take aikinta, iska na kwashe hayaƙin. Da rikici ya koro dangin mijinta daga ƙauye, aka yi ta ƙara ɗakuna har tsakar gidan ya koma lungu. Ita kuma ta koma wani ɗan sito mai taga ɗaya, tagar ma ko kanka ba zai shiga ba. Shekara goma tana shan hayaƙi a ciki. Tari ya fara kamar wasa, ya zo ya zauna daram. Ta gaji da tari, ta gaji da jiƙe-jiƙe, ta gaji da masu yi mata sannu. Ranar da 'yarta Mu'mina, malamar firamare da ke aure a Ajilari, ta tasa ta gaba zuwa asibiti, likita bai ɓoye mata ba. Ya ce ƙirjin ya sha hayaƙin da ya ishe shi, ko ta bar sana'ar, ko a nema wa hayaƙin hanyar fita.

Barin sana'a kam ba ya cikin zancen. Don haka Mu'mina ta kawo Dzarma, wani dattijo mai aikin famfo, ɗan kudancin Borno, wanda haƙurinsa ya fi maganarsa yawa. Ya leƙa siton, ya fito yana murza ido. Washegari ya dawo da guntayen bututu biyu ya ajiye a gabanta. Ɗaya fari ne mai lanƙwasa, jikinsa zobe-zobe. Ɗayan mai tauri ne, ruwan toka, inci huɗu.

"Hajiya, wannan mai taurin za mu sa. Cikinsa sumul yake, hayaƙi ba ya maƙalewa."

Ya Kellu ta juya shi da sandar juyinta, ko taɓawa ba ta yi ba. "Dzarma, wannan ba shi kuke sa wa bayan gida ba?"

"Shi ne. Amma ai sabo ne."

"Bututun masai a ɗakin turarena? Wai! Mata su shigo su gani, gobe labari ya kai har unguwar Dala? Sa mini farin."

Ya yi mata bayani har sau biyu, ya ce robar farin ba ta da ƙwari, zafi zai sa ta saki. Ta ce ta ji. Ya fasa bango, ya ɗaura 'yar fanka mai aiki da sola a bakin ramin, ya janyo farin bututun har saman kaskon, ya tattara kayansa ya tafi.

Sati uku bututun ya yi yana abin kirki. Daga nan ya fara saki, cikinsa ya zazzago kamar tsohuwar igiyar shanya. Maiƙon turare da tururin sukari suka taru a cikin zoben, suka zama baƙin danƙo. Wata safiya tana cikin juyi danƙon ya ɗigo tsakiyar kaskon, ɗis, ɗis, aikin kwana uku ya tashi a banza. Ta zauna ta zuba wa kaskon ido, ko ƙarfin yin faɗa ba ta da shi.

Dzarma bai ce ai na faɗa miki ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ya je wurin mai walda aka yi masa rumfar kwano mai kama da mazurari, da wuyan ƙarfe kamu biyu, don zafin ya huce kafin ya isa roba. Daga nan ya jona bututun nan mai ruwan toka. Lanƙwasa ɗaya tak ya yarda ya yi masa, ya ce kowace lanƙwasa rage wa fanka ƙarfi take. Ya ɗan karkata shi waje don maiƙo ya gangara can, ya rufe bakin da raga saboda ƙadangaru. Da ya gama ya kunna fankar, ya saki 'yar takarda a ƙarƙashin rumfar, ta yi sama ta manne. Yana fita Ya Kellu ta ɗauko tsohuwar laffayarta ta naɗe bututun tsaf, kada ido ya gani.

Hayaƙi dai ya samu hanya. Cikin wata guda tarin ya lafa, har tana iya kai ƙarshen sura a salla ba ta tsaya ba. Sai dai turaren ya fara ɓaci. Yau ta sauke da wuri, ya yi damshi ya cure. Gobe ta makara, ya yi ƙauri. Hajiya Zaratu, wadda ta shekara ashirin tana saye a wurinta, ta buɗe kwalba ta sunsuna, ta rufe a hankali.

"Ya Kellu, ko kin canja itace ne?"

Ga shi kuma Hajiya Zaratu ta ba ta aikin turaren auren autarta, saura sati biyu. In wannan ya ɓaci, ta san yadda mata suke, sunan da ta gina shekara talatin a zaman biki ɗaya za a rushe shi.

Laifin duk ta ɗora wa bututun. Ta kira Dzarma ta ce robar wari take, ya sunsuna ya ce bai ji ba. Ta sake kiransa ta ce a ɗaga rumfar, ya ɗaga. Ta ce a sauke, ya sauke. A zuwa na huɗu ya tsaya daga bakin ƙofa, zufa na bin wuyansa, ta ce masa bututunsa ɓarawo ne, yana sace ƙamshin kafin ya iso hancinta.

"Hajiya, ni fa daga nan inda nake ina jin ƙamshin sosai," in ji shi a gajiye. "Fankar ma tana juyawa."

Ta ce hancin mai aikin masai ba abin shaida ba ne. Ya yi ɗan murmushi ya tafi.

Ranar Asabar da hantsi, Mu'mina ta zo gaishe ta tana can ɗaki da yara, Ya Kellu ta ɗora kaskon turaren amaryar, ta miƙa hannu ta kashe fankar. Hayaƙi ya taru kamar da. Ta yi ta juyawa. Idonta ya fara yaji, maƙogwaronta ya fara ƙaiƙayi, can wani tari ya taso tun daga ƙasan ƙirji. Hannunta da kansa ya sauke kaskon. Itacen ya yi jawur yana sheƙi, bai cure ba, bai ƙone ba.

Mu'mina ta shigo da gudu ta janyo ta waje, ta kunna fankar, tana faɗa tana shafa mata baya. Da tarin ya lafa ta leƙa kaskon. "Kai, Mama! Irin na da ne sak. Ƙamshin har ɗaki ya same ni."

Ya Kellu ta ce a miƙo mata. Ta ɗebi ɗumin itacen a tafin hannu, ta kai hanci, ta ja numfashi iya ƙarfin da ya rage mata. Ta sake ja. Ba ta ji komai ba, sai zafi a tafin hannu. Nan ta gane. Hancin ya daɗe da tafiya, ita ce ba ta sani ba. Shekarun nan duk yajin ido da tarin nan ne suke gaya mata lokacin saukewa, kuma su ne bututun ya kwashe ya fitar waje. Baƙin ciki ya kama ta, irin wanda ba ya zuwa da kuka. Ta daɗe zaune a dakali, hannunta a buɗe.

Saura kasko uku a aikin Hajiya Zaratu, kuma ta san ƙirjinta ba zai ɗauki ko ɗaya ba.

"Mu'mina, gobe ba makaranta. Ki zo da wuri. A bar fankar a kunne, ni in juya, ke ki sunsuna."

"Mama, ni ai ban iya ba."

Ya Kellu ta juye itacen cikin kaskon, ta goge hannu a zaninta.

"Ni ma yanzu ban iya ba," ta ce.